Ɗori a Karkace

A Aliero, idan ka ga mota ta shigo gari tana rarrafe, direba yana kauce wa kowane rami, to ba sai an gaya maka ba, mai karaya aka ɗauko. A da, irin wannan mota a ƙofar zauren Malam Sambo maɗori take tsayawa. Daga Kimba, daga Katanga, har daga ƙetaren iyaka, a kawo mutum a kwance yana salati, ya koma gida da ƙafafunsa. Yanzu kuwa sai motar ta rage gudu, wani ya leƙo ya tambayi gidan ɗori, Sambo ya ɗaga sandarsa ya nuna musu gidan 'ya'yan ƙanensa. Hannunsa ne ya fara rawa, shi kuma ya janye da kansa tun kafin a ce masa ya janye. Ba wanda ya kore shi daga sana'a, amma wannan bai rage masa tsawon wuni ba.

Matarsa Kaltume ta rasu bara waccan. 'Ya'yansa mata suna ɗakunan aurensu, ɗaya a Sabiyal, ɗaya a Kimba, kowacce da nata fama. Abinci daga gidan ƙanen ake aiko masa, a ajiye kwano, a gaishe shi, a tafi. Gidan da ya saba da nishin majinyata da warin man shanu ya koma ba ka jin komai a cikinsa sai kurciya.

Namiji ɗaya gare shi, Abdussalam, kuma shi ne ɗan fari. Sambo mutumin da ne, tun ranar da aka raɗa wa yaron suna bai taɓa kiran sunan da bakinsa ba. In yana kusa ya ce "kai", in ba ya nan ya ce "yaron nan", da ya koma Jos yana aiki a wani lambu inda ake renon itatuwa da furanni ana sayarwa, sai ya zama "mutanen Jos". Kaltume ma kunyar ɗan fari ta hau kanta, amma da tsufa ya zo ta yar da abarta, ta zama ita ke ɗaukar magana daga bakin wannan ta kai kunnen wancan. Da ta kau, uba da ɗa suka tarar ba su san yadda ake hira da juna ba. Abdussalam ya bugo waya, a tambayi gida, a tambayi aiki, a yi shiru, sai ɗaya ya ce to madalla.

Akwai kuma ƙafar. Yana ƙarami ya faɗo daga amalanken shanu a hanyar fadama, ƙashin ya karye dab da gwiwa. Uban ne ya ɗora, ƙashin ya kama sarai, sai dai ya kama da 'yar karkata, ƙafar hagu ta ɗan leƙa waje. Yaron ya girma yana tafiya kafaɗarsa ɗaya tana nutsewa tana tasowa. Bai hana shi komai ba, har ƙwallo ya buga. Wanda abin ya hana sakat shi ne Sambo, don a duk ƙafafun da suka bi ta hannunsa wannan ce kaɗai ta ƙi miƙewa, kuma ita ce ke kai da kawowa a tsakar gidansa. Duk ranar da ɗan ya zo, kafin ya dubi fuskarsa sai idonsa ya sauka a kan gwiwar. Sau da yawa ya ce masa, da zai yarda a sake karya ta a ɗora, da ta gyaru. Da fari Abdussalam dariya yake yi. Daga baya ya daina dariyar, sannan ya rage zuwa.

Ana cikin dashen albasa, sanyi ya fara shigowa, sai ga shi ya sauka ba zato, rungume da kwali kamar mai ɗauke da jariri. Bayan an gaisa ya buɗe, ya fito da wani faffaɗan kasko marar zurfi ya ajiye a kan tabarma. A cikin kaskon akwai bishiya. Ba tsiro ba, bishiya sosai, da ɓawo mai kaushi da rassa, amma duk tsayinta bai kai gwiwar mutum ba. Ganyenta ba ganye ba ne, wasu korayen allurai ne cunkus. Gangar jikinta ta tashi ta karkata hagu, ta yi gwiwa, ta dawo dama, an nannaɗe ta da wayar tagulla tun daga gindi.

"Wagga fa mi ta?" in ji Sambo.

"Itaciya ce, Baba. Irin ta kan duwatsun Jos. Fayin ake ce mata, wannan irin renon kuma bonsai."

Sunayen biyu ba wanda ya zauna a bakin Sambo. Ya matso ya duƙa.

"Yaushe anka shuka ta?"

"Ta girmi 'yar Raihanatu ta fari."

Raihanatu ita ce 'yarsa ta Kimba, 'yar tata kuwa har ta shiga makaranta. Sambo ya kama haɓa.

"To ai tsumburewa tay yi. Yunwa kunka bar ta da ita ko ciwo?"

Abdussalam ya yi dariya, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba. Ya ce da gangan ake hana ta girma, a rage mata saiwa, a tsinke mata toho, har ta tsufa a ƙarama. Shi ma bai daɗe da fara koyo ba, kuma wannan ce ta farko da ta yarda da hannunsa. Ya zauna ya jera wa uban ƙa'idojinta. Ba a yi mata ban ruwan albasa, sai an tura yatsa cikin tsakuwar da ke kaskon an ji ta bushe. Ranar safe take so, da hantsi ya yi zafi a mai da ita inuwa. Taki ko kaɗan, balle na zamani. In sabon toho ya zarce 'yan'uwansa, a sa farce a rage shi.

"Wayar tagullar nan kuma kada ka taɓa, Baba."

Dama a nan idon Sambo yake tun ɗazu.

"Wa yal lanƙwashe ta hakanga?"

"Ni."

"Da hankalinka?"

"A can kan dutse iska ce ke kaɗa su har su karkace, ita muke kwaikwaya. Karkatar ita ce kyanta. In ta miƙe ai ta zama kamar kowace."

Sambo ya ƙura wa gwiwar ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana miƙe abin da ya karkace, yau an kawo masa lafiyayyen abu an karkatar da gangan, wai kuma ado ne. Ya haɗiye maganarsa don baƙon bai ko sha ruwa ba.

Washegari da zai koma, Abdussalam ya ce zai bar ta nan, in an kwashe albasa ya dawo ya gani. Ya ƙara da cewa zai riƙa bugowa yana jin labarinta. Ya faɗi wannan yana kallon kaskon, uban ma kaskon yake kallo.

Sambo ya raɗa mata Gajera. Kafin sati ya zagayo ya kusa kashe ta da alheri, don hannun da ya saba sakar wa fangalin albasa ruwa har ya kwanta ba ya yarda cewa ɗan yayyafi ya isa. Da ɗan ya bugo ya ji, sai da ya yi ta roƙonsa ya ɗaga kaskon a kan duwatsu ruwan ya tsiyaye. Ranar sun daɗe suna magana, har kunnen Sambo ya yi zafi. Da ya ajiye wayar ya zauna yana mamaki, don rabon da ya yi doguwar magana haka da wani tun Kaltume na da rai.

Daga nan abin ya zama jiki. Da asuba in ya dawo masallaci ya tura yatsa cikin tsakuwa. Rana ta fito ya ɗauki kaskon ya kai gabas da rumbu, hantsi ya yi ya dawo da shi ƙarƙashin rumfa. Ya koyi tsinke toho da farcen babban yatsa, kuma ya lura in yana wannan aikin rawar hannunsa takan lafa. Yatsunsa suka riƙa ƙamshin ƙaronta, wani ƙamshi mai sanyi da bai san irinsa ba. Wayar kuwa da ta saba ringi daga Juma'a sai Juma'a, ta koma tana ringi tsakiyar mako ma. Kullum da tambaya ɗaya ake farawa: "Baba, yaya Gajera?" Daga Gajera a gangara kan sanyi, daga sanyi a faɗa albasar bana, wata rana har suka tsinci kansu suna maganar yadda Kaltume ke daka lawashin albasa ta yi gabu tana faɗa da kaji. Sambo ba yaro ba ne, ya san sarai cewa duk hirar nan a kan ɗan kaskon nan take tsaye. Saboda haka ya riƙa tsaron Gajera da tsoro a ransa.

Mutum ɗaya ke leƙo shi a kai a kai, Ladan dillalin albasa, abokinsa tun na ƙuruciya, mai bakin da ba ya ajiye komai. Ranar da ya tarar da shi rungume da kasko yana neman inuwa, sai ya tsaya a bakin zaure ya riƙe ƙugu.

"Sambo, amarya kay yi ba ka gaya muna ba? To Allah shi ba da zaman lahiya. Mi taka haihwa, mangwaro ko lemu?"

"Ba ta haihwa."

"Inuwa fa?"

"In kai ƙadangare na, ta ishe ka."

Ladan ya yi dariya har da tari. Ya duƙa ya ƙare mata kallo, ya bi gwiwar da yatsa.

"Amma dai abin da kunya. Maɗorin gari guda, ka miƙe ƙahwahun mutanen duniya, ga gurguwa cikin gidanka kana ta jinya. Dama dai gidanga ba ya rabo da..."

Bai ƙarasa ba. Ya kama kansa, ya shiga zancen farashin buhu a kasuwar Jega, ya yi sallama da wuri. Ladan ba mugu ba ne, bakinsa ne ya fi shi sauri. Amma maganar ta riga ta shiga, ta sami wurin da dama yake a buɗe.

Tun daga ranar Sambo ya kasa ganin Gajera sai gwiwarta. In yana ba ta ruwa, gwiwar. In yana cin tuwo a rumfa, gwiwar. Ya ga wayar tagullar ta fara nutsewa cikin ɓawo, ya ce a ransa wannan ai zalunci ne, ko dabba ba a ɗaure ta haka. Ya riƙa shafa wurin da yatsa yana auna yadda zai ja, kamar yadda yake yi wa cinyar mutum kafin ya kama. Ya gaya wa kansa yaron ƙuruciya ke damunsa, bai taɓa ganinta a miƙe ba ne shi ya sa yake cewa haka ta fi. In ya dawo ya tarar da ita tsaye cak, zai san hannun ubansa bai mutu ba.

Wata safiya ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar jakar fatarsa daga ƙarƙashin gado. Komai na nan: 'yan kararen da aka saƙa kamar ƙaramin asabari, tsummoki masu tsabta, ɗan gwangwanin man shanu. Ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye majinyaciyar a gabansa. Ya warware wayar a hankali ya jefar gefe. Ya shafa man shanu a gwiwar, ya yi bisimilla, ya yi tofi. Ya kama ƙasa da hagu, sama da dama, ya ja yadda ya saba ja, jan da ba a yin sa da shakka.

Ƙas.

Ba ƙara ce mai yawa ba, amma duk duniya ba wanda ya san ta kamar Sambo. Gangar ta tsage a daidai gwiwar, ɓawo ne kawai ya riƙe ta ta gefe ɗaya. Farin cikin itacen ya bayyana, ƙaro ya fara tsattsafowa. Ya yi ta maimaita innalillahi. Shi da ake kawo wa karaya, yau shi ya yi ta, kuma a jikin amanar ɗansa.

Da numfashinsa ya dawo, sana'a ta karɓi ragama. Karaya dai karaya ce, kuma yanzu da ta karye ba abin da zai hana ta miƙewa. Ya haɗa bakin tsagar, ya ɗaga saman ya tsayar da shi sak, ya ɗan ja da baya da kansa don ya duba ko ya daidaita.

Ya daidaita. Sai dai abin da ke hannunsa ba Gajera ba ce. Wani ɗan tsinke ne mai gashi a ka, irin wanda za ka wuce a bakin hanya ba ka waiwaya ba. Rassan da suka saba shimfiɗuwa kamar tana miƙa hannu sun koma suna kallon inda ba su da dalilin kallo. Watanni yana kwana yana tashi da ita, amma da a ce cikin wasu aka jera ta haka, da bai nuna ta ba. Ya daɗe riƙe da ita a miƙe.

Sannan ya sassauta hannu, ya bar ta ta koma yadda take.

Nan aiki ya zama sabo. Kararen ɗori a miƙe ake saƙa su, ba su san gwiwa ba, duk yadda ya aza su sai su nemi tayar da ita. Ya warware saƙar, ya yayyanka karan gajeru-gajeru, ya jera wasu ƙasa da gwiwar, wasu sama. Ya rarrafa ya ɗauko wayar tagullar da ya jefar, ya bi tsohon sawunta a jikin ɓawo ya mayar da ita daidai inda ɗansa ya sa ta. Ya naɗe da tsumma. Har azahar yana abu ɗaya, tuwon da aka aiko ya huce a kwano. Tun da ubansa ya koya masa sana'ar nan bai taɓa ɗora ƙashi a karkace da niyya ba sai ranar.

Da yamma wayar ta yi ringi.

"Baba, yaya Gajera?"

"Tana nan kore shar."

Ba ƙarya ya yi ba, kore take. Abin da Sambo bai sani ba shi ne irin wannan itaciya ba ta nuna mutuwarta da wuri. Albasa in ta ji ciwo, kafin yamma lawashinta ya kwanta, kowa ya gani. Ita kuwa wannan sai ta yi makonni tsaye da korenta alhali aikin ya riga ya ƙare. Sambo ya ci gaba da jinya, yana kai ta rana yana dawo da ita inuwa, yana shinshina tsumman ko zai ji alamar kamawa. Kullum aka tambaye shi ya ce tana nan kore, kullum kuma amsar tana ƙara yi masa ɗaci a baki.

Sanyi ya janye, zafin bazara ya sauko da ƙarfinsa. Aka shiga hakar albasa, gari ya cika da warinta da manyan motoci. Koren Gajera ya fara dushewa, ya koma kalar tsohuwar tabarma. Wata safiya ya taɓa reshe ɗaya, alluran suka zubo masa a tafin hannu. Ya kankare ɓawo da farce a ƙasa da karayar, ya tarar nan ma a bushe.

Ranar da wayar ta yi ringi bai ɗauka ba. Ya zauna yana kallonta tana haske a kan tabarma har ta gaji. Kewa ta kama shi tun ɗan bai daina kira ba, don ya riga ya hango yadda za a koma: gaisuwa, shiru, to madalla. Kira na gaba ya ɗauka, kafin ya buɗe baki Abdussalam ya ce yana hanya jibi.

Ya iso da la'asar. Idon Sambo, don sabo, ya sauka a kan gwiwar, sai ya yi maza ya ɗauke shi. Bai ɓoye kaskon ba, yana nan a rumfa inda ya saba zama. Abdussalam ya ajiye jaka ya tsuguna a gabansa. Ya dubi jajayen alluran, ya dubi tsumman, ya fara warwarewa. Kararen suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Ya san su, an taɓa ɗaura masa irinsu. Warin man shanu ya tashi. Ya ga tsagar, ya ga wayar da aka mayar bisa tsohon sawunta.

"Miƙe ta ka so yi, Baba."

"I."

"Ta karye."

"Ta karye."

Abdussalam ya bi gwiwar da yatsa, a hankali.

"To da ta karye, me ya hana ka ɗora ta a miƙe? Ai lokacin ba wuya."

Sambo ya dubi hannuwansa.

"Na gwada. Ban gane ta ba."

Ɗan bai ɗago ba. Ya daɗe a tsugune, ƙafar hagun a ɗan baje gefe yadda take yi in ya tsuguna. Can ya ce, ko ba a taɓa ta ba da wuya ta tsallake zafin garin nan, itaciyar wurin sanyi ce, shi ne bai yi tunani ba da ya kawo ta. Wataƙila gaskiya ne. Amma su biyun sun san don me ya faɗa. Suka ci tuwo kwano ɗaya, kaskon yana gefe, ba wanda ya san da me za a fara.

Da safe da ɗan zai koma, Sambo ya sa babbar riga ya ce shi ma Jega za shi, wai zai duba takalmi a kasuwa. Uba ba ya raka ɗan fari tasha, amma ba wanda ya hana shi sayen takalmi. Ranar kasuwa ce, Jega ta cika ta batse, buhunan albasa jibge har bakin titi, 'yan dako suna ihu a ba su hanya. Abdussalam ya sami mota mai bin hanyar Kontagora, ya ajiye jaka a kujera, ya ce bari ya sayo ruwa. Ya shiga cikin mutane, taron ya rufe shi.

Sambo ya tsaya jikin motar yana dogara sanda. Fararen riguna ne da huluna iri ɗaya ko'ina, idonsa kuma ba na da ba ne, fuska daga nesa ba ta fito masa. Ya duba gabas ya duba yamma. Sai can wajen masu lemu ya hango kafaɗa ɗaya tana nutsewa tana tasowa a tsakiyar kafaɗun da ke tafiya daidai. Ba fuska ya gani ba, ba riga ba, amma ko rantsuwa aka ce ya yi zai yi. Son yaron ya taso masa gaba ɗaya. Shekara da shekaru yana kallon wannan tafiya yana ganin aikin da bai kammala ba, bai taɓa lura cewa da ita yake tsinto ɗansa a cikin mutane ba.

Abdussalam ya iso ya miƙa masa ruwa ɗaya. Bakin Sambo ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "To, Allah shi kiyaye hanya." Motar ba ta cika ba tukuna, amma ya juya ya tafi, don tsayawa a jira tashinta ya wuce abin da takalmi zai iya rufewa. Takalmin ma bai saya ba.

Ya koma Aliero ya tarar da gidan yadda ya bar shi. Hantsi ya yi zafi, sai ya ga kansa ya ɗauki kaskon daga gabas da rumbu ya kai rumfa, busasshiyar itaciya da ba ruwanta da rana ko inuwa. Ya zauna kusa da ita. Kurciya tana ta abinta a kan bango. Ya ciro wayar daga aljihu ya ajiye a gwiwa, ba don yana sa rai ba.

Ta yi ringi.

"Baba, mun taso. Ga mu Maiyama."

"To madalla."

"Yaya Ga..." Abdussalam ya tsaya.

Shiru ya shiga tsakaninsu, wanda suka sani tun da. Sambo yana jin ƙugin mota da muryar wata mata tana rarrashin ɗanta. Nan ne ake cewa sai an jima. Ya damƙe wayar da hannu biyu.

"Ɗazu ga tasha," ya ce, "da kab ɓace cikin mutane, da tahiyarka nig gane ka. Ko cikin dubu za ni gane ka. Kak ka yarda kowa shi taɓa ma ƙahwar nan."

Ba amsa. Ya dubi wayar, ashe ta katse. Bayan Maiyama akwai inda sabis ke ɗaukewa, kowa ya sani. Bai san ko daga farkon maganar ta yanke ba ko daga ƙarshe. Abin da ya ɗauke shi rabin rayuwa kafin ya faɗa, mai yiwuwa kurciya kaɗai ta ji. Ya zauna da wayar a hannu, inuwar rumfa tana matsawa, bai tashi ba ko da aka ajiye masa kwanon rana.

Da ta sake ringi sai da ya lalubi madannin sau biyu.

"Baba, sabis ne ya ɗauke. Ka fara magana ban ji ba. Me ka ce?"

Sambo ya dubi Gajera, a bushe, da gwiwarta yadda aka kawo ta. Faɗar farko ta zo ne da kanta, wannan kuwa sai ya ɗauko ta da hannunsa. Ya gyara zama, ya gyara murya.

"Abdussalam," ya ce, "saurara da kyau."